Tsarin Imel na Zawarcin Kwastomomi a Alƙahira

Tsarin imel na zawarcin kwastomomi shi ne tanadin da kamfani ke yi domin aika wasiƙun neman ciniki ga mutanen da ba su taɓa hulɗa da shi ba, ta yadda wasiƙun za su sauka a akwatin saƙo maimakon kwandon tarkace. Tanadin ya ƙunshi sunan da ake aikawa da shi, akwatunan imel, shaidun da ke tabbatar da mai aikawa, jerin adireshin waɗanda ake nema, da manhajar da ke sakin wasiƙun a kan lokaci. Ya bambanta da mujallar imel da mutum ya yi rajista da kansa domin a riƙa aiko masa, ya kuma bambanta da saƙon rasit ko na canjin kalmar sirri. A nan mai karɓa bai nemi komai ba, kuma daga wannan ne dukkan wahalar aikin ta samo asali. Alƙahira, babban birnin Masar, tana cikin biranen da ake yin wannan sana'a a madadin kamfanonin Amurka, Turai da ƙasashen Larabawa na Tekun Fasha.

Asali

Ray Tomlinson ne ya fara aika saƙo tsakanin kwamfutoci biyu da alamar @ a 1971. Ranar 3 ga Mayu, 1978, Gary Thuerk, jami'in talla a kamfanin kwamfuta na DEC, ya aika sanarwar sabbin injuna ga mutum kusan 400 a kan ARPANET, kafar da ta haifi intanet. An yi masa ca, amma an yi ciniki. Har yau sana'ar tana tafiya tsakanin waɗannan sakamako biyu.

Ƙa'idar jigilar imel, SMTP, wadda Jon Postel ya wallafa a 1982, an tsara ta ne don jama'ar jami'o'i da cibiyoyin bincike da suka san juna. Ba ta tambayar mai aikawa ko shi ne wanda ya ce shi ne. Kowa na iya rubuta sunan banki ko na ma'aikata a gurbin mai aikawa, wasiƙa ta wuce. Duk matakan tantancewa da aka ƙirƙiro daga baya faci ne a kan wannan ɓaraka.

Salon sana'ar na yanzu ya yaɗu ne bayan littafin Predictable Revenue na Aaron Ross da Marylou Tyler, wanda ya fito a 2011. Ross ya bayyana yadda ya raba aikin sayarwa gida biyu a kamfanin Salesforce: masu buɗe ƙofa da gajeriyar wasiƙa, da masu zama su ƙulla ciniki. Da aka raba aikin haka, sai ya zama kashin farko ana iya bayar da shi kwangila ga mutanen da ke wata nahiya. Ta wannan ƙofa Alƙahira ta shigo.

Yadda Alƙahira ta zama cibiya

Intanet ya isa Masar a watan Oktoba na 1993, ta wani siririn layi mai gudun kilobit 9.6 a daƙiƙa da ya haɗa cibiyar sadarwar jami'o'in ƙasar da Faransa. A 1999 aka kafa Ma'aikatar Sadarwa da Fasahar Bayanai, Ahmed Nazif ya zama ministanta na farko kafin ya zama firaminista a 2004. A zamaninsa aka buɗe unguwar fasaha ta Smart Village a kan hanyar hamada da ta tashi daga Alƙahira zuwa Iskandariyya, sannan Doka mai lamba 15 ta 2004 ta halatta sa hannu ta lantarki, ta kuma kafa hukumar ITIDA, wadda aikinta shi ne jawo kamfanonin waje su kawo ayyukansu Masar. Daga baya aka gina wata unguwar fasahar a Ma'adi, kudu da tsakiyar birni.

Cibiyoyin amsa waya ne suka fara cika waɗannan gine-gine. Xceed, reshen Telecom Egypt, da Raya na cikin gida ne. Teleperformance, Concentrix, Sutherland da reshen ayyuka na Vodafone sun zo daga waje. Abin da ya jawo su a bayyane yake. Birnin da kewayensa na da mutum sama da miliyan 20, jami'o'in Alƙahira da Ain Shams na yaye dubban matasa kowace shekara, Kwalejin Harsuna ta Al-Alsun da Jami'ar Jamus da Jami'ar Amurka na fitar da masu jin Turanci, Faransanci, Jamusanci da Italiyanci, albashi kuma bai kama ƙafar na Landan ko Balin ba. Matasan da suka koyi magana da baƙo a waya a waɗannan cibiyoyi su ne da yawansu suka koma ƙananan kamfanonin zawarci a Ma'adi, Madinat Nasr, Tajammu'ul Khamis da Sheikh Zayed, ko suka zauna a gida suna karɓar kwangila ta shafin Upwork. Akan biya su albashi tare da kamasho a kan kowace ganawa da suka samar wa mai kaya.

Sunan aikawa da akwatuna

Matakin farko shi ne domen, wato sunan da ke bayan alamar @. Masu sana'ar ba sa aika wasiƙun zawarci da babban sunan kamfani, domin idan masu tace saƙo suka ɓata shi, har rasit da wasiƙun ofis za su daina isa. Sai su sayi wasu sunaye masu kama da shi, su karkatar da duk wanda ya buɗe su zuwa ainihin shafin kamfanin. Masar tana da nata ƙarshen suna, .eg, a hannun cibiyar sadarwar jami'o'i, kuma a watan Mayu na 2010 ta kasance cikin ƙasashe uku na farko, tare da Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, da suka sami ƙarshen suna da haruffan Larabci. Amma rajistar sunan kasuwanci na .eg tana buƙatar takardun kamfani, mai karɓa a Teksas kuwa ya fi sabawa da .com, don haka shi ake saye.

A kan kowane suna akan buɗe akwati biyu ko uku, yawanci a Google Workspace ko Microsoft 365, wasu kuma a Zoho saboda araha. Google ya ƙayyade saƙo 2,000 a rana ga kowane akwatin Workspace, Microsoft kuma adireshi 10,000 a rana da saƙo 30 a minti. Babu gwanin da ke kusantar waɗannan iyakoki. Al'adar sana'ar ita ce 'yan gomomi kaɗan daga kowane akwati. Idan aka ɗauki 30, mai son aika 1,000 a rana yana buƙatar akwati 34 da suna goma sha biyu, kowanne da kuɗin wata ko na shekara.

Kafa sabar ta kai a ofis ba ta cika amfani ba. Lambobin IP da kamfanonin sadarwa irin su WE, Vodafone da Orange ke raba wa gidaje da ƙananan ofisoshi suna canzawa, kuma irinsu ne ƙungiyar Spamhaus, wadda Steve Linford ya kafa a 1998, ke sakawa a jerin lambobin da bai kamata su aika imel kai tsaye ba. Ban da haka, manyan masu karɓa suna neman lambar da aka yi wa rajistar juyawa, wadda idan an bi ta baya za ta nuna sunan sabar da ta dace.

Shaidu uku

Zuciyar tsarin ita ce rubutu uku da ake sakawa a rajistar DNS, kundin da ke gaya wa duniya inda kowane suna yake.

SPF, wanda aka wallafa a 2006 aka sabunta a 2014, jeri ne na sabobin da mai suna ya ba izinin aikawa a madadinsa. Yana da tarko guda da ke kama masu koyo: ba a yarda binciken ya wuce tambaya goma ba, kamfanin da ya cusa manhajoji da yawa sai ya ƙetare iyaka ba tare da ya sani ba, shaidar ta lalace. DKIM, na 2007 da 2011, hatimi ne na lissafi. Sabar mai aikawa tana buga shi a kan kowace wasiƙa da mabuɗin sirri, mai karɓa ya gwada shi da mabuɗin fili da ke DNS, ya gane ko an taɓa wasiƙar a hanya. Mabuɗi mai bit 2048 ake ba da shawara a yau. DMARC, da ya fito a 2012 aka rubuta shi cikakke a 2015, shi ke ɗaure biyun da sunan da mai karatu ke gani a gurbin mai aikawa, ya kuma faɗi abin da za a yi da wasiƙar da ta faɗi gwaji: a bar ta, a killace ta, ko a ƙi ta. Yana aiko wa mai suna rahoton duk inda aka yi amfani da sunansa, kuma wannan rahoto ne da yawa ke kunnawa su ƙi karantawa.

Shekaru da dama waɗannan shaidu na ganin dama ne. A watan Oktoba na 2023 Google da Yahoo suka sanar cewa daga Fabrairun 2024 duk mai aika saƙo masu yawa (a wajen Google, sama da 5,000 a rana) zuwa akwatunansu na jama'a dole ya mallaki ukun, ya sa maɓallin ficewa na dannawa ɗaya, ya cire wanda ya fice cikin kwana biyu, kuma koke a kansa kada ya kai kashi 0.3 cikin ɗari. Google ya fi son a tsaya ƙasa da kashi 0.1. Microsoft ya bi sahu a watan Mayu na 2025. Kashi 0.3 na nufin mutum uku cikin dubu, kuma wasiƙar da ba a nema ba tana iya tara ukun nan kafin azahar.

Abin lura shi ne shaidun ba sa cewa wasiƙa mai kyau ce. Suna cewa daga wurin wane ta fito. Ɗan damfara ma yana iya cika su tsaf a kan sunan da ya saya jiya. Amfaninsu shi ne sun ba masu tacewa wanda za su riƙe da laifi.

Mutuncin suna

Sabon suna ba shi da tarihi, masu tacewa kuma ba sa yarda da shi. Lamarin kamar baƙon ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari: ba ranar da ya sauka ake ba shi kaya bashi ba, sai an ga shigarsa da fitarsa. Shi ya sa ake ɗumama akwati, a fara da wasiƙu ƙalilan a rana, a riƙa ƙarawa cikin makonni. Manhajoji irin su Instantly, Smartlead da Lemlist suna yin wannan ta hanyar sa akwatunan kwastomominsu su riƙa aika wa juna wasiƙu suna amsawa. Hira ce ta ƙarya da aka shirya domin ruɗin na'urar tacewa, manyan masu karɓa ba sa ƙaunarta, kuma amfaninta na raguwa yayin da suke ƙara gane ta.

Abin da ke gina suna da gaske shi ne halin masu karɓa: su amsa, kada su kai ƙara, adireshin kuma ya kasance yana raye. Wasiƙar da ta dawo saboda babu mai adireshin alama ce cewa jerin na tsince-tsince ne. Amazon SES, alal misali, yana sa asusu a bincike idan dawowar ta kai kashi 5 cikin ɗari, yana iya dakatar da shi a kashi 10. Akwai kuma adireshin tarko, waɗanda masu yaƙi da tarkacen saƙo ke binnewa a shafuka ko suke farfaɗowa daga tsofaffin akwatuna. Ba mutumin da ke bayansu, don haka duk wanda ya aika musu ya tona kansa.

A nan ne sana'ar ke tafiya a bakin rami. Rarraba saƙo a kan sunaye da yawa domin kada ko ɗaya ya yi nauyi dabara ce da masu tarkacen saƙo suka daɗe da ita, Spamhaus kuma tana farautarta. Tsakanin mai akwati shida da ke rubuta wa zaɓaɓɓun manajoji ɗari da mai akwati ɗari uku da ke watsa wa duk wanda ya samu, kayan aiki ɗaya ne. Bambancin yana cikin jerin da kuma niyya.

Jerin adireshi da wasiƙar kanta

Ana haɗa jeri daga LinkedIn Sales Navigator, daga rumbunan bayanai irin su Apollo da ZoomInfo, daga Hunter mai hasashen adireshi bisa tsarin kamfani, da kundayen baje koli. Kafin aikawa akan wuce da shi ta manhajar tantancewa. Amsoshi kuma ana zuba su a HubSpot, Salesforce ko Zoho domin mai ƙulla ciniki ya ɗauka daga nan. Mailchimp da ire-irensa sun hana jerin da aka saya, don haka ba su da gurbi a wannan aiki.

Wasiƙar kan zama gajeriya, rubutu zalla, ba hoto, ba maƙale, sai bibiya biyu ko uku a tsakanin kwanaki. Ƙidayar waɗanda suka buɗe saƙo ta daina zama abin dogaro tun Satumbar 2021, lokacin da Apple ya fara buɗe hotunan saƙo da kansa domin kare masu amfani da shi. Amsa ake ƙirgawa yanzu.

Idan wasiƙar ta Larabci ce, dole a saita ta daga dama zuwa hagu da tsarin haruffa na UTF-8, in ba haka ba take ya fito a hargitse. Ladabin Masar kuma yana da nauyi: injiniya ana ce masa Bashmuhandis, mai digirin digirgir Duktur, sauran Ustaz, kuma kiran manaja da sunansa tsirara, yadda Amurkawa ke yi, rashin tarbiyya ne. A kasuwar cikin gida imel buɗe ƙofa kawai yake yi, maganar tana komawa waya ko WhatsApp nan take.

Lokaci, kuɗi da layi

Makon aiki a Masar Lahadi ne zuwa Alhamis, daidai da Saudiyya. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta koma Litinin zuwa Juma'a tun Janairun 2022. Mai yi wa Amurka aiki kuwa yana gaban Niyok da awa bakwai a mafi yawan shekara, ƙarfe tara na safensu ƙarfe huɗu na yammarsa ne, kuma Juma'arsa ranar aiki ce a can. Masar ta dawo da sauya agogon bazara a Afrilun 2023, a ranakun da ba su dace da na Turai ko Amurka ba, abin da kan karkatar da jadawalin manhaja na 'yan makonni. A watan azumi ofisoshin yankin suna rage sa'o'i, amsa tana ja baya.

Kusan duk kayan aikin da dala ake biya. A watan Oktoba na 2023 bankunan Masar suka dakatar da biyan kuɗin waje da katin cirar kuɗi na fam, suka kuma tsaurara iyakar katin bashi, ƙananan kamfanoni da dama suka shiga neman hanyar sabunta rajistarsu. Ranar 6 ga Maris, 2024, Babban Banki ya saki fam, dala ta tashi daga wajen fam 31 zuwa kusan 50 a yini guda. Mai karɓar kuɗinsa da dala ya ci riba, mai sayar wa kasuwar gida ya ga kuɗin akwatunansa ya haura da fiye da rabi.

Masar mashiga ce ta manyan igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku tsakanin Turai da Asiya, amma hakan bai hana ta yankewa ba. Ranar 30 ga Janairu, 2008, igiyoyi biyu suka tsinke kusa da Iskandariyya. Daga 28 ga Janairu zuwa 2 ga Fabrairu, 2011, gwamnati ta rufe intanet a lokacin zanga-zangar dandalin Tahrir. Ranar 7 ga Yuli, 2025, gobara a babbar cibiyar waya ta Ramsis da ke tsakiyar birni ta kashe ma'aikata huɗu, ta durƙusar da layuka da ayyukan banki. Akwatin da ke sabar Google yana ci gaba da aikawa a irin wannan rana, sai dai babu mai amsa wa kwastoman da ya ce a kira shi.

Doka

Mai zawarci a Alƙahira yana ƙarƙashin dokar inda yake da ta inda wasiƙarsa ta sauka. Dokar Amurka ta CAN-SPAM, ta 2003, ba ta neman izini tun farko. Ta hana taken yaudara da ɓoye mai aikawa, ta wajabta adireshin ofis na zahiri da hanyar ficewa da za a cika cikin kwanakin aiki goma, tarar kuma ta haura dala 50,000 a kan kowace wasiƙa. Kanada, tun 1 ga Yuli, 2014, tana neman amincewa. A Tarayyar Turai dokar GDPR ta fara aiki 25 ga Mayu, 2018, da tarar da za ta iya kai yuro miliyan 20 ko kashi 4 cikin ɗari na cinikin shekara, ƙasashe kuma sun bambanta: Jamus tana neman izini ko da wasiƙar tsakanin kamfani da kamfani ce, Birtaniya kuwa, wadda ba ta cikin Tarayyar yanzu, ta sassauta ga adireshin kamfanoni.

Masar ta ɗauki ɓangaren masu tsauri. Sashe na 25 na Dokar Laifukan Intanet mai lamba 175 ta 2018 ya tanadi ɗaurin da bai gaza wata shida ba da tarar fam 50,000 zuwa 100,000, ko ɗaya daga ciki, ga wanda ya dami wani mutum da saƙonni masu yawa ba da yardarsa ba. Dokar Kare Bayanan Mutum mai lamba 151 ta 2020 ta yi magana kai tsaye a kan tallan lantarki a sashe na 17 da na 18. Ta haramta shi sai da amincewar mai bayanan, da bayyana wanda ya aiko da adireshinsa na gaskiya, da nuna cewa saƙon na talla ne, da hanya mai sauƙi ta ƙi ko janye amincewa. Ta kuma wajabta adana shaidar amincewar na shekara uku daga saƙon ƙarshe. Tarar saɓa wa wannan ta kama daga fam 200,000 zuwa miliyan biyu, Cibiyar Kare Bayanai da dokar ta kafa kuma ita ke ba da lasisin irin wannan talla.

Wannan ya shafi 'yan kasuwar Kano da ke neman masu sayen riɗi, citta ko zoɓo a Masar, kamar yadda Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023, wadda ta ba mutum ikon ƙin tallan kai tsaye, ta shafi Bamisiren da ke neman dillalan magani ko tayil a Kano. Adireshin da ke ɗauke da sunan mutum bayaninsa ne ko da a kan domen ɗin kamfani yake. Mai aika tallan imel ga mazaunin Masar ba tare da shaidar amincewarsa ba yana cikin haɗarin tara, ko da SPF, DKIM da DMARC ɗinsa sun cika babu aibi.